Haidurojin da Garejin Oforikrom

Da sunan Allah nake buɗe wannan babi, ina kuma roƙon Ya tsare harshena daga ƙari, domin maganar ta shafi wanda ya riga mu gidan gaskiya, ba shi da bakin da zai gyara mini.

Ku 'ya'yana da jikokina, wannan babin na garejin Oforikrom ne. Na san abin da ake faɗa a bayana. Ranar sunan ɗiyar Nura ina zaune bayan labule ina gyara goro, na ji ɗaya daga cikin surukaina tana gaya wa wata baƙuwa cewa da muna da fili a bakin titin Accra, amma iskar gas ɗin Maryama ta cinye shi. Na ci gaba da gyaran gorona, don ranar farin ciki ce. Amma maganar ta tsaya mini a rai, domin ita ce ta raba 'ya'yana Habibu da Nura da ƙanwarsu Maryama. In Maryama ta zo Kumasi yanzu, masauki take kamawa a Ayigya kamar baƙuwa, ta zo ta gaishe ni a tsaitsaye ta koma, don kada ta haɗu da yayyenta a zaure. Wannan abu yana mini ciwo ƙwarai. Zan faɗi yadda aka yi, tunda a gabana aka yi.

Sai kun fara sanin irin gidan da kuka fito. Kakannin babanku, Alhaji Garba, fataken goro ne daga Kano, kuma gidanmu na Akwatialine gidan saukar baƙi ne tun kafin a kawo ni cikinsa. Baƙo zai zo daga arewa bai san kowa ba, ba ya jin yaren mutanen gari, sai ya sauka wurin maigida. Maigida zai ba shi ɗaki da tuwo, ya kai shi wurin masu goro, in an daidaita ya haɗa hannuwansu ya ɗaga Fatiha. Daga wannan Fatihar magana ta tashi daga kan baƙo ta dawo kan maigida. In baƙo ya cika alkawari, madalla. In ya ɓace, ko lorinsa ta faɗi a hanyar Tamale, ba wanda zai bi sawunsa, ƙofar maigida za a zo, shi kuma sai ya mai da mutum inda ya same shi. Ba a rubuta wannan a ko'ina ba, kuma ban taɓa jin an kai shi kotu ba. Ni aikina a ciki tukunya ne. Na tuƙa wa Zabarmawa da Mosi da Kanawa tuwo har hannuna ya yi kanta, na kuma iya gane mai cika alkawari daga yadda yake wanke hannu, ko da yake babanku ya ce wannan ƙarya ce irin ta mata.

Da goro ya ja baya, baƙi suka ragu. Kowa ya sami waya, kowa ya zama maigidan kansa. Alhaji ya sayar da motocin lorinsa ɗaya bayan ɗaya, abin da ya rage shi ne garejin Oforikrom, inda a da ake loda huhunan goro, masu trotro, ƙananan motocin haya, suka koma kwana da motocinsu a ciki. Ba wani babban wuri ba ne, amma yana bakin titin Accra, kuma Habibu da Nura sun daɗe da zana shaguna a kansa a cikin zukatansu. Shi kuwa Alhaji ba talauci ne ya dame shi ba. Zauren da ya zama shiru ne ya dame shi. Zai sa babbar riga da safe ya zauna a kan buzu kamar mai jiran ayari, in mai sayar da ruwan leda ya leƙo ma sai ya tsare shi da tambayar daga ina iyayensa suke.

Maryama ita ce autarmu. Ta yi karatun injiniya a jami'ar da ke jikin Ayigya, daga nan ta wuce Turai, wani kamfani ya ɗauke ta. A shekarar da nake ba ku labari ta zo gida da aiki, ba hutu ba. Kamfaninsu yana duba wani wuri a bakin teku, can yammacin ƙasa, ko za a iya kafa masana'anta. A kicin ta yi mini bayani, tana taya ni tsinke ganyen ayoyo. Ta ce sunan abin haidurojin. Ana sa wa ruwa wutar lantarki ya rabu, sai a sami wata iska mai kamawa da wuta, in ta ƙone ba ta barin hayaƙi sai tururi. Ta ce ba sabon abu ba ne, masu takin zamani da matatun mai sun daɗe suna aiki da ita, sai dai tasu da gas ake yin ta, kuma yin ta haka yana ɓata sararin sama. Abin da duniya ke nema yanzu shi ne a yi ta da wutar hasken rana ko ta iska, a sayar wa masu taki da masu narka ƙarfe da manyan jiragen ruwa. Na ce to, Allah ya sa albarka, ashe ruwan randa ma yana da wuta a ciki. Ta yi dariya, sannan ta ajiye ayoyon ta dube ni.

"Mma, abin yana nan tafe, amma ba gobe ba," in ji ta. "Kowace ƙasa ta ce za ta yi, kowane kamfani ya ɗauki hoto. Amma mai tsabtar yana da tsada paa, kuma mai saye bai sa hannu ba tukuna. In ba mai saye, banki ba ya ba da ko pesewa ɗaya. Namu ma dubawa kawai muke yi."

Ina so ku riƙe wannan maganar, domin da kunnena na ji ta, kuma ta maimaita wa babanku ita a wannan ranar. Sai dai shi kunnensa yana wani wuri. Ya ji cewa ta zo da shugabanta, wani Bature, kuma yana otal. Alhaji ya ce ba a taɓa yi ba, baƙon 'yarsa ya shigo Kumasi ya ci abincin otal alhali gidan Garba yana tsaye. Dole aka gayyato shi. Na yi tuwo da miyar ayoyo, aka yanka zabi, aka fito da tabarmin da ba su ga rana ba tun zamanin lori. Alhaji ya kira liman na masallacin layinmu da dattawa maƙwabta. Na daɗe ban ga fuskarsa da haske irin na ranar ba, kuma na ji daɗin ganinsa haka.

Baturen dogo ne mai yawan murmushi, ya ci tuwo da hannu har da neman ƙari, barkono yana sa shi hawaye. Ina leƙen su daga bakin ƙofa. Alhaji ya iya Turancin tasha, da shi suke hira. Baturen ya ce in an kafa masana'antar za a buƙaci masu walda da yawa, waɗanda suka iya haɗa bututun gas. Alhaji ya gyara zama. Ya ce Zango, unguwar mutanenmu, cike yake da masu walda, za a ɗauki mutanenmu? Baturen ya ce me zai hana, ai da farin ciki. Daidai lokacin Maryama ta taso ta shigo wurina ɗauko ruwan sanyi. Kafin ta koma, Alhaji ya kama hannun Baturen ya haɗa da nasa, ya dubi liman ya ce a yi Fatiha. Dattawa suka ɗaga hannu. Baturen ya ga kowa ya ɗaga, shi ma ya ɗaga nasa yana murmushi, aka shafa, shi ma ya shafa. A wurinsa addu'ar gama cin abinci aka yi. A wurin duk wanda ke zauren an ƙulla magana, kuma Garba ya tsaya mata.

Kafin La'asar labari ya kai Ayigya. An ce Alhaji Garba ya samo wa Zango aikin gas, wasu ma suka ce a Oforikrom za a gina. Maryama ta ji, hankalinta ya tashi. Ta durƙusa a gaban babanta ta ce don Allah kada ya bar kowa ya saki aikinsa saboda wannan, ba a yanke komai ba. Ya shafa kanta ya ce ita ta san injin, shi ya san ciniki, mutumin da ya ci tuwonka ya ɗaga hannu a zaurenka ba ya juya baya. Ta bi ta kaina, ni ma na yi masa magana. Ya ce mu mata biyu mun haɗa masa kai. Ba zan ɓoye muku ba, har ni kaina na ɗan yarda. Shekara da shekaru ina ganin ana ɗaga wannan Fatihar, kuma mafi yawa tana cika.

Yawancin samari sun yi murna ne kawai suka ci gaba da harkarsu. Mutum ɗaya ne ya ɗauki maganar da dukan zuciyarsa, shi ne Seidu. Waɗanda suka girma a gidan sun san shi, shi ne mai hayar ɗakin baya da matarsa Fuseina da 'ya'yansu. Mutumin Dagwamba ne daga wajen Tamale, magidanci mai furfura a gemu, ba yaro ba. Tun yana saurayi yake walda a Magazin, unguwar makanikai, a ƙarƙashin wani dattijon Asante. Dattijon ya tsufa, 'ya'yansa ba sa son sana'ar, kuma kowa ya san ya ce Seidu zai bar wa wurin. Wata safiya Seidu ya zo zaure ya cire takalmi ya tsuguna.

"Baaba, magana nan na gas, gaskiya ne? Masta na ya ce in na tafi, na tafi kenan. Amma an ce sai mutum yana da takarda na bututu kafin su ɗauke shi."

"Seidu, a zauren nan na ɗaga Fatiha," in ji Alhaji. "Ka taɓa jin na ɗaga ta faɗi?"

Iyakar abin da aka faɗa ke nan. Seidu ya sayi lemo da goro ya je ya yi wa mastansa sallama yadda ake yi. Dattijon bai yi faɗa ba, ya sa masa albarka, kafin wata ya ƙare ya ba wani almajirinsa wurin. A Magazin in ka yi sallama an sa maka albarka, ƙofar ta rufe ke nan, ba a dawowa a ce wasa ake yi. Seidu ya tafi Takoradi ya koyi waldar bututu, ya dawo da takardarsa a cikin leda, ya zauna jira.

Damina ta zo ta wuce. Duk lokacin da Maryama ta bugo waya sai Alhaji ya karɓe ta daga hannuna ya tambayi yaushe za a fara. Ita kuma ba ta taɓa yi masa ƙarya ba. Ta ce ana nan ana neman mai saye. Ta ce waɗanda suka nuna sha'awa a Turai sun ga farashi sun ja da baya, gas na yau da kullum ya fi musu araha. Ta ce tallafin da gwamnatoci suka yi alkawari yana tafiyar hawainiya, kuɗin ruwa na banki kuma ya hau. Daga baya ta bugo ta ce in ba ta babanta. Kamfani ya ajiye maganar bakin tekun. Ba a ce an fasa ba, an ce sai kasuwa ta nuna. Ta ce ba nasu kaɗai ba ne, a ƙasashe da dama an yi shela an kuma naɗe tabarma, 'yan kaɗan ne suka kai ga zuba siminti. Alhaji ya saurara har ta gama, ya ce Allah ya yi mata albarka, ya miƙo mini wayar. Ranar bai fita zaure ba.

Abin da ya biyo baya ya fi zagi zafi. Seidu bai taɓa cewa uffan ba. Kullum da safe zai zo ya tsuguna ya gaida Alhaji, ya tambayi kwanan iyali, ya tashi ya ɗauki 'yar jakarsa ya tafi neman aikin yini, yau ya liƙe ƙofar wani, gobe ya dawo hannu wofi. Mutumin da ya kusa zama masta ya koma riƙe wa yara ƙarfe. Fuseina kuwa ba ta iya ɓoye abin da ke ranta ba. Ta daina shigowa kicin ɗina, ta koma hura gawayinta a bayan ɗaki, in mun haɗu a bakin famfo sai ta ce "Mma, sannu" tana kallon bokiti. Na ga babbar 'yarsu ta daina sa kayan makaranta, ta koma tallar ƙosai a tasha. A masallaci ba wanda ya yi wa Alhaji maganar, sai dai in ya shigo hira takan canja.

Babanku ne ya tara ku da kansa, Habibu da Nura za su tuna. Maryama ma ta baro aikinta ta zo. Ya ce zai ba Seidu garejin Oforikrom, kyauta, ya zama nasa. Habibu ya ce ba wanda ya ɗaure Seidu ya fitar da shi daga Magazin, mutum ne da hankalinsa. Nura ya ce ba takarda, ba shaida, ko gaban alƙali aka je ba abin da za a ce Baba ya ci. Ba su faɗi ƙarya ba, kuma ban ga laifinsu ba, kowannensu yana da 'ya'ya yana kuma biyan hayar shago. Maryama tana kuka ta ce za ta nema wa Seidu wani aikin, ta ce Baturen nan bai ma san mene ne Fatiha ba.

"Na san bai sani ba," in ji Alhaji. "Ni ai na sani. Seidu ba Bature ya tambaya ba, ni ya tambaya."

Aka tashi ba a daidaita ba. Maryama ta koma bakin aikinta, ku kuma kuka tafi kuna huci. Abin da ya faru bayan nan ba wanda ya sani a cikinku.

Garejin ba na babanku kaɗai ba ne. Lokacin da aka saye shi goro ya yi masa gardama, abin hannunsa bai kai ba, ni na kwashe adashina na sayar da 'yan kunnen aurena na cika. Da sunansa aka rubuta, amma shi bai taɓa mantawa ba. Bayan taron da 'yan kwanaki, da hantsi, ina wanke tukwane a tsakar gida ya jawo kujera ya zauna kusa da ni, abin da ba ya yi. Ni kuwa dama a cike nake. Na ce a ba Seidu aro mana, ko a yanka masa gefe. Ya ce wurin bai kai a yanka ba, in an yanka ba mota ba walda. Ya ce kuma ba aro Seidu ya rasa ba, wurin da zai zama nasa ya rasa, maigida kuwa inda ya sami mutum yake mai da shi. Na ce to 'ya'yanka fa, su a ina ka same su? Na ga maganar ta shige shi.

"Hajiya, da guminki a wurin nan," ya ce. "In kin ce a'a, a'a ne. Ba zan ƙara tayar da maganar ba, kuma ba zan riƙe ki a zuciya ba."

Na san da gaske yake. Kalma ɗaya ce tsakanina da shagunan 'ya'yana. Na ci gaba da dirzar tukunya ina tunani. Duk abin da muka ci a gidan nan, da kuɗin makarantar da aka biya muku, da kujerar Makka da na hau, daga wannan Fatihar suka fito. Mutane sun ba mu amanar dukiyarsu ne don sun san in ta ɓaci Garba zai tsaya. Na ci daɗinta tun ina amarya, yanzu da ta zo karɓar nata sai in ce ban san ta ba? Ga kuma hayaƙin gawayin Fuseina yana tasowa daga bayan ɗaki, na san ruwan koko ne kawai a kan wutar. Na ɗauraye hannuna na ce a ba shi. Ban faɗa da daɗin rai ba, kuma bayan ya tashi na shiga ɗaki na yi kuka.

A gaban liman da dattawan da suka shafa waccan Fatihar aka miƙa wa Seidu wurin, daga baya aka yi takardu. Ya ƙi karɓa da farko, sai da liman ya ce masa ba alfarma ake masa ba. Yanzu yana nan yana waldarsa, takardar bututun ma ta yi masa rana wurin masu tankar gas, 'yarsa ta koma makaranta. Ba zan ce muku komai ya zama alheri ba. Habibu har yau haya yake biya, kuma in trotro ta bi da ni ta Oforikrom nakan juya fuskata ɗaya gefen. Masana'antar kuwa har yau ba a gina ta ba. Maryama tana nan a kan aikinta, ta ce kasuwar tana girma amma ba da saurin da aka yi ta shela ba, inda rana take da arha mai saye kuma yana kusa nan ake ginawa. Ko za ta iso Ghana ina da rai, ta ce ba ta sani ba.

A wancan hantsin da nake wanke tukwane babanku ya roƙe ni abu ɗaya, kada in gaya muku cewa an tambaye ni. Ya ce gara ku yi fushi da shi, shi ya kusa tafiya, ni kuwa zan zauna a hannunku. Na yi masa alkawari. Bai daɗe ba ya rasu. Abin da bai hango ba shi ne ba a iya fushi da mamaci. Kun yi masa addu'a, kun yafe masa, sai fushin ya tashi yana neman mai rai, ya faɗa kan wadda ta gargaɗe mu tun tana tsinke ayoyo.

Shi ya sa na karya alkawarin, kuma ni zan yi masa bayani in Allah ya haɗa mu. Ranar da aka yanke maganar garejin Maryama ba ta ma ƙasar. Ni aka tambaya, ni na ce a ba shi. Wanda yake da sauran fushi ya kawo shi ɗakina, ina nan da raina, zan iya ɗauka. Ita kuwa ku bar ta ta kwana a gidan ubanta.